Jean Mabillon: ɗan manomin da ya koya wa Turai bambance takardar gaskiya da ta jabu

Wanda ya taɓa shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris ya bi layi na 10, zai iya tuna wata tasha mai suna Mabillon, a unguwar Saint-Germain-des-Prés. Dubban mutane ne ke sauka a wurin kowace rana, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san mai sunan. Jean Mabillon wani malamin Kirista ne ɗan zuhudu, wanda ya kwashe shekara 43 a unguwar yana duba tsofaffin fatun tumaki da na maruƙa da aka yi rubutu a kansu tun ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. Daga wannan aiki ne ya fitar da ƙa'idojin da masana tarihi da masu adana takardu ke bi har yau, idan suna son gane ko tsohuwar takarda ta gaskiya ce ko ƙirƙirarta aka yi.

A zamaninsa wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gonaki da dazuzzuka da kuɗin kasuwa da ƴancin ƙin biyan haraji duk suna rataye ne a kan irin waɗannan fatu. Idan alƙali ya ce fatar ta gaskiya ce, mai ita ya ci shari'a. Idan ya ce ta jabu ce, dukiyar shekara dubu na iya suɓucewa a rana ɗaya.

Daga gona zuwa gidan zuhudu

An haifi Mabillon ranar 23 ga Nuwamba 1632 a ƙauyen Saint-Pierremont, cikin yankin Champagne da ke arewa maso gabashin Faransa. Iyayensa manoma ne. Wani ɗan'uwan mahaifinsa, limamin coci a wani ƙauye na kusa, shi ya fara koya masa karatu da harshen Latin. A 1644 aka kai shi makarantar Bons-Enfants da ke birnin Reims, inda ya yi fice a cikin ɗalibai. A 1653 ya shiga gidan zuhudu na Saint-Remi a wannan birni, ya kuma ɗauki alkawarin zama ɗan zuhudu na dindindin a shekarar da ta biyo.

Ƙungiyar da ya shiga, mai suna Saint-Maur, reshe ce ta mabiya tafarkin Benoît, wani malamin Italiya na ƙarni na 6 da ya tsara yadda ƴan zuhudu za su raba yininsu tsakanin addu'a da aiki. An kafa reshen a 1618, kuma shugabanninsa sun ɗauki binciken tarihi a matsayin wani ɓangare na aikin ibada.

Da farko ba wanda ya zaci Mabillon zai yi nisa. Wani matsanancin ciwon kai ya kama shi, har ya kai ga ba ya iya karatu. Shugabanninsa suka riƙa sauya masa wuri don ya samu iska: aka kai shi Nogent, daga nan aka mayar da shi Corbie a 1658. A can ya yi tsaron ƙofa, ya kuma kula da kayan abinci da kuɗin cefanen gidan. Sai dai Corbie na da tsohon ɗakin littattafai da ya samo asali tun ƙarni na 7, kuma da sauƙi ya fara samuwa, can ya riƙa laɓewa. An naɗa shi limami a birnin Amiens a 1660. A 1663 aka tura shi Saint-Denis, inda ake binne sarakunan Faransa, aka ba shi aikin nuna wa baƙi kayan tarihin gidan. Bayan shekara ɗaya, a 1664, aka kira shi Saint-Germain-des-Prés don ya taimaka wa Luc d'Achery, mai kula da ɗakin littattafan gidan, wanda rashin lafiya ta riga ta raunana shi. Nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Littafin da ake yanka wa garke

Kafin a gane aikin Mabillon, sai an san abin da ake rubutu a kansa a wancan zamani. Takardar da aka sani yanzu ba ta yaɗu a arewacin Turai ba sai wajen ƙarni na 14 da na 15. Kafin nan, kusan shekara dubu, a kan fata ake rubutu: ta ɗan maraƙi, ta tunkiya ko ta akuya. Faransawa na kiranta parchemin, sunan da ya fito daga tsohon birnin Pergame, wato Bergama da ke ƙasar Turkiyya a yau. Larabawa kuma suna ce mata raƙƙ, kuma a kanta aka rubuta tsofaffin mus'hafan Alƙur'ani.

Wannan fata ta bambanta da wadda majema ke jemewa da bagaruwa a Kano ko Maraɗi ko Zinder, dukawa su ɗinka takalmi da gafaka da ita. Fatar rubutu ba a jeme ta. Ta fi kusa da fatar ganga. Bayan an feɗe dabba, ana jiƙa fatar kwanaki a cikin ruwan farar ƙasa mai ƙuna har gashin ya saki, a karce shi. Daga nan a ɗaure ta a jikin katako a ja ta ta kowace kusurwa, a riƙa kankare ta da wata wuƙa mai siffar jinjirin wata, a bar ta ta bushe a miƙe. Idan ta bushe sai a goge ta da dutse mai kaushi da alli, don ta karɓi tawada. Mai ido yakan gane gefen gashi da gefen nama, domin na gashi ya fi duhu, kuma ana ganin ramukan gashin a jikinsa.

Tsadarta ba ta misaltuwa. Wani kwafin Baibul da aka rubuta a arewacin Ingila wajen shekara ta 700, wanda ake kira Codex Amiatinus, ya ci fatun maruƙa sama da 500, nauyinsa kuma ya haura kilo 30. Saboda wannan tsada, idan littafi ya tsufa ko aka daina amfani da shi, akan kankare rubutun a sake yin wani a kai. Wannan dabara ta tattali ita ce kuma ta buɗe wa maƙaryata ƙofa. Mutum na iya kankare suna ko adadi a cikin takardar gaskiya ya sa wani, ko ya samo tsohuwar fata da ba a yi rubutu a kanta ba ya ƙirƙiro takarda sukutum.

An kuwa yi hakan da yawa. Gobara ko yaƙi kan cinye takardun gidan zuhudu, sai mazauna gidan su sake rubuta abin da suke ganin haƙƙinsu ne, su sa sunan wani sarki da ya daɗe da mutuwa. Wasu kuma da gangan suke yi don su ci shari'a. Tun a 1440 wani masani ɗan Italiya, Lorenzo Valla, ya nuna cewa shahararriyar takardar da ke cewa sarki Constantin ya ba Fafaroma mulkin yammacin daular Rum ƙirƙirarriya ce, domin harshenta ba na zamanin Constantin ba ne. A Bagadaza ma, a ƙarni na 11, malamin hadisi al-Khaɗib al-Bagdadi ya ƙaryata wata takarda da aka ce an rubuta ta lokacin buɗe Khaibar, bayan ya lura cewa ɗaya daga cikin shaidun da ke ciki ya rasu kafin Khaibar, wani kuma bai musulunta ba sai bayanta. Amma waɗannan duk takarda ɗai-ɗai ce wani mai basira ya tona. Abin da ba a samu ba shi ne ƙa'idar da kowa zai koya ya gwada kowace takarda da ita.

Zargin da ya fito daga Anvers

Mabillon ya fara suna da fitar da rubuce-rubucen Bernard na Clairvaux a 1667. A 1668 kuma ya fara buga tarihin waliyyan ƙungiyar Benoît, aikin da ya kai juzu'i tara a 1701. Tun a nan halinsa ya bayyana. Da ya duba tushe ya ga cewa waliyyai da dama da ƙungiyar ke alfahari da su ba ƴaƴanta ba ne, sai ya cire su daga jerin. Wasu ƴan'uwansa suka fusata, suka kai ƙararsa gaban shugabanni suna neman a hana shi rubutu. Ya kare kansa da cewa mai rubuta tarihi kamar alƙali yake, ba shi da ikon ƙara wa danginsa abin da ba nasu ba. Shugabannin suka bar shi ya ci gaba.

A 1675 wani limami na ƙungiyar Jésuite a birnin Anvers da ke Beljiyam ta yau, Daniel Papebroch, ya buga wani dogon sharhi a kan tsofaffin takardun sarakuna. Papebroch masani ne na gaske, ba ɗan neman faɗa ba. Ya gano cewa wata takarda da ake dangantawa ga sarki Dagobert na ɗaya, wanda ya rasu a 639, ta jabu ce. Daga nan ya faɗaɗa hukuncin: a ganinsa, kusan duk takardun da ake cewa na sarakunan Mérovingiens ne, wato gidan sarautar da ya mulki Faransa daga ƙarni na 5 zuwa na 8, abin tuhuma ne, kuma duk yadda takarda ta fi da'awar tsufa, haka ta fi kusa da ƙarya. Ya ambaci takardun Saint-Denis musamman.

Wannan zargi ya taɓa ƙungiyar Mabillon a wuri mai ciwo, domin Saint-Denis gidansu ne, kuma dukiyarsa da martabarsa a kan waɗannan takardu suka dogara. An so a mayar da martani nan take. Mabillon bai yi gaggawa ba. Ya lura cewa Papebroch bai ga takardu na asali da yawa ba, ya fi dogara ne a kan kwafe-kwafe. Shi kuwa ƙofofin ma'ajiyar gidajen zuhudu na Faransa a buɗe suke gare shi. Ya ɗauki shekara shida yana kwatanta fata da fata, rubutu da rubutu, hatimi da hatimi, tare da abokin aikinsa Michel Germain.

Littafin 1681

Sakamakon shi ne De re diplomatica, wanda ya fito da harshen Latin a 1681, aka sadaukar da shi ga Colbert, babban ministan sarki Louis na 14. Sunan littafin ba shi da alaƙa da aikin jakadanci. Daga kalmar diploma ya fito, wato takardar hukuma, kuma daga gare shi ne fannin ya samu sunan da Faransawa ke kiransa da shi, diplomatique.

Littafin kashi shida ne. Kashi na farko ya yi magana a kan abin da ake rubutu a kai, da tawada, da ire-iren rubutun hannu. Na biyu ya duba salon magana, da laƙaban sarakuna, da sa hannu, da hatimi, da yadda ake rubuta kwanan wata. Na uku ya amsa hujjojin masu tuhuma. Na huɗu, wanda Germain ya yi yawancin aikinsa, ya jero fadojin da sarakunan suka zauna, domin a gane ko sarki na wurin da takarda ta ce ya sa mata hannu. Na biyar zane-zane ne da aka kwaikwayo daga takardun asali, mai karatu ya ga rubutun kowane ƙarni da idonsa. Na shida ya kawo takardu sama da 200 a matsayin hujja.

Yadda ƙa'idojin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Sarakunan Mérovingiens na farko ba a kan fata suke rubutu ba, a kan fafirus ne, wata takarda da ake yi a Masar da ciyawar bakin kogin Nilu, sai a ƙarshen ƙarni na 7 fadarsu ta koma ga fata. Suna ƙirga kwanan wata da shekarun sarautar sarki, ba da shekarar miladiyya ba. Hatiminsu na kakin zuma ana manna shi ne a fuskar takardar, hatimi mai lilo a jikin igiya kuwa sai bayan ɗaruruwan shekaru ya shigo. Rubutun fadarsu dogo ne, matsattse, mai sarƙaƙiya, ya sha bamban da rubutu mai tsafta da aka fara yi a zamanin Charlemagne. To, idan aka kawo takardar da ke da'awar ta Dagobert ce, aka ga shekarar miladiyya a jikinta da hatimi yana lilo da rubutun ƙarni na 11, ai ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma babban darasin Mabillon shi ne kada a yanke hukunci da alama ɗaya. Magatakarda na gaskiya na iya yin kuskure a kwanan wata, kuma kwafin da aka yi daga baya na iya ɗauke da magana ta gaskiya ko da fatarsa sabuwa ce. Haka nan tsufan fata shi kaɗai ba hujja ba ne. Sai an haɗa dukkan alamomin, an kwatanta su da takardun da aka tabbatar na wannan zamani da wannan fada, sannan a yi magana. Yawan tuhuma da saurin yarda, a wurinsa, duk kuskure ne.

Abin da ya biyo baya ba kasafai ake ganinsa a tsakanin masana ba. Papebroch ya karanta littafin, a 1683 ya rubuto wa Mabillon wasiƙa ya amince cewa an fi shi hujja, ya ce ya janye ra'ayinsa, ya kuma ba shi izinin sanar da kowa. Mabillon ya amsa masa cikin ladabi, yana nuna cewa tawali'un da ke cikin wasiƙar ya fi littafin daraja a wurinsa. Colbert ya so ya yanka masa albashi na shekara-shekara, ya ƙi karɓa. An ruwaito cewa ranar da babban bishop na Reims ya gabatar da shi ga Louis na 14 a matsayin wanda ya fi kowa ilimi a masarautar, Bossuet, shahararren mai wa'azin fada, ya ƙara da cewa shi ne kuma ya fi kowa ƙanƙan da kai.

Tafiye-tafiye da rigingimu

Bayan wannan nasara, gwamnati ta riƙa aikensa neman takardu. Ya je Bourgogne a 1682, ya zaga Suwizalan da kudancin Jamus a 1683, inda ya shiga tsofaffin ɗakunan littattafai irin na Saint-Gall. Daga Afrilun 1685 zuwa Yulin 1686 shi da Germain suka ratsa Italiya: Milan, Venise, Roma, Naples, Mont-Cassin, Florence da Bobbio. Sun dawo wa ɗakin littattafan sarki da littattafai sama da 3,000, na ɗab'i da na rubutun hannu.

Rigima ba ta ƙyale shi ba. Armand-Jean de Rancé, shugaban gidan zuhudu na La Trappe, mutum mai tsananin gudun duniya, ya buga littafi a 1683 yana cewa aikin ɗan zuhudu addu'a ne da shiru da aikin hannu, zurfafa bincike kuwa girman kai yake haifarwa. Da wannan ra'ayi ya yi rinjaye, da aikin ƙungiyar Saint-Maur gaba ɗaya ya tsaya. Mabillon ya amsa da Traité des études monastiques a 1691, ya nuna cewa tun farko gidajen zuhudu makarantu ne, kuma da ƴan zuhudu ba su yi ta kwafar littattafai ba, da yawancin ilimin magabata ya ɓace. Muhawarar ta yi zafi har manyan fada suka shiga tsakani. A 1693 Mabillon ya tafi La Trappe da ƙafarsa, suka gana da Rancé, suka rabu lafiya.

Ta biyu ta fi haɗari. A Roma ya ga yadda ake tono ƙasusuwa daga tsofaffin kaburburan ƙarƙashin ƙasa, a ba su sunayen shahidai, a rarraba wa coci-coci, alhali ba wata shaida cewa masu ƙasusuwan shahidai ne. A 1698 ya fitar da wata wasiƙa da sunan aro, Eusebius Romanus, yana neman a daina hakan sai da hujja. Aka kai wasiƙar gaban hukumar da ke haramta littattafai a Roma, maganar ta yi shekaru tana ja. Daga ƙarshe ya sassauta wasu kalamai ba tare da ya bar asalin ra'ayinsa ba, aka amince da sabon bugun a 1705.

A 1703 kuma wani ɗan Jésuite, Barthélemy Germon, ya sake tayar da tsohuwar magana da tambaya mai nauyi: idan ana gwada takarda da wata takarda ce, wa ya tabbatar da wadda ake gwajin da ita? Mabillon ya amsa da ƙarin juzu'i a 1704, inda ya nuna cewa idan takardu masu yawa daga wurare daban-daban, waɗanda masu su ba su san juna ba, suka dace a rubutu da salo da hatimi, ba zai yiwu a ce maƙaryaci ɗaya ne ya yi su duka ba.

Ranar da aka yaudari gwani

Ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. A 1695 Cardinal de Bouillon, wanda ke son tabbatar da cewa gidansu ya fito ne daga tsofaffin sarakunan Auvergne, ya gabatar da wasu takardun fata da aka ce daga cocin Brioude suke. Ya nemi masana uku su duba su: Étienne Baluze, da Mabillon, da almajirinsa Thierry Ruinart. Dukkansu suka sa hannu cewa na gaskiya ne. Bayan ƴan shekaru aka kama wanda ya kawo takardun, Jean-Pierre de Bar, aka tsare shi a kurkukun Bastille, kotu kuma ta same shi da laifin ƙirƙira a 1704. Baluze, wanda ya nace ya yi amfani da takardun a littafinsa, ya rasa muƙamansa a 1710, aka kore shi daga Paris.

Ko a kan Saint-Denis ma, bincike na baya ya nuna cewa tuhumar Papebroch ba ta rasa tushe ba. A ƙarni na 11, lokacin da suke shari'a da bishop na Paris, ƴan zuhudun gidan sun ɗauki fafirus na gaskiya na zamanin Mérovingiens, suka manne fuskar da ke da rubutu, suka rubuta takardun ƙarya a bayansa, don tsufan takardar ya ruɗi mai dubawa. A 2001 masanin Jamus Theo Kölzer ya sake tace dukkan takardun sarakunan Mérovingiens da suka rage, su 196, ya samu kusan kashi biyu cikin uku na jabu ne ko an yi musu ƙari. Sai dai da ƙa'idojin da Mabillon ya kafa ne aka gano hakan, kuma takardun asali da ya kare, waɗanda yanzu ke ma'ajiyar takardun ƙasa a Paris, sun tsaya da ƙafarsu.

Ƙarshen rayuwa

A 1701 sarki ya sa shi cikin majalisar masana ta Académie des inscriptions. Ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana rubuta babban tarihin ƙungiyar Benoît, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1703, huɗu kuma suka fito yana raye. Ranar 1 ga Disamba 1707 ciwon mafitsara ya kama shi a kan hanyarsa ta zuwa gidan zuhudu na Chelles. Aka dawo da shi Paris, ya yi jinya mai tsanani, ya rasu ranar 27 ga Disamba yana da shekara 75. Ruinart ya rubuta tarihinsa, ya kuma sake buga De re diplomatica a 1709.

Juyin juya halin Faransa ya rushe ƙungiyar Saint-Maur, aka tone ƙasusuwan Mabillon aka kai wani gidan tarihi. A 1819 aka mayar da su cocin Saint-Germain-des-Prés, inda suke har yau kusa da na masanin falsafa René Descartes da na Bernard de Montfaucon, ɗan ƙungiyarsu da ya yi wa rubutun Girka irin aikin da Mabillon ya yi wa na Latin. A 1821 aka buɗe École des chartes a Paris, makarantar da ke horar da masu adana takardu a kan wannan fanni. Masanin tarihi Marc Bloch ya lissafa shekarar 1681 cikin manyan shekaru a tarihin tunanin ɗan Adam.

Abin da fata ke faɗa a yau

Mabillon da ido da hannu kawai ya yi aiki. Yanzu fatar da kanta ake tambaya. A 2015 masu bincike a jami'ar York ta Ingila suka bayyana wata dabara: a goga abin goge fensir a hankali a jikin fata, a kai ɓurɓushin ɗakin gwaji, a gane ko ta maraƙi ce ko tunkiya ko akuya, ba tare da an yanki komai ba. Da irin wannan gwaji aka gano a 2021 cewa kusan dukkan takardun mallaka na Ingila da aka duba, daga ƙarni na 16 zuwa na 20, a kan fatar tunkiya aka rubuta su. Masu binciken sun danganta hakan da yawan kitsen da ke cikinta: bayan an sarrafa ta takan zama hawa-hawa, idan aka kankare kalma sai saman ya ɓare, tabon ya fito fili. Wato lauyoyi sun zaɓe ta ne don maganin masu sauya rubutu. A 2025 kuma aka sanar cewa bangon wasu littattafan Clairvaux, gidan Bernard ɗin da Mabillon ya fara suna da rubuce-rubucensa, wanda aka daɗe ana zaton fatar barewa ce ko ta aladen daji, ashe ta wata dabbar tekun arewa ce da Faransawa ke kira phoque.

Ana kuma auna shekarun fata da sinadarin carbone 14. Da shi aka auna wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da ke jami'ar Birmingham, aka sanar a 2015 cewa dabbar da aka feɗe ta mutu ne tsakanin shekara ta 568 da 645. Amma awon yana faɗin lokacin mutuwar dabba ne kawai, ba ranar da aka sa alƙalami ba, shi ya sa masana ke haɗa shi da nazarin salon rubutun. Taswirar Vinland ta nuna dalili. An daɗe ana cewa ta tabbatar Turawan arewa sun zana gaɓar Amurka kafin Christophe Colomb, kuma awo ya nuna fatarta ta ƙarni na 15 ce. Sai dai tawadarta na ɗauke da wani sinadarin titane da ba a fara sarrafa shi ba sai wajen 1920. A 2021 jami'ar Yale, mai riƙe da taswirar, ta bayyana cewa ta jabu ce. Wanda ya yi ta ya samo tsohuwar fata ya yi sabon zane a kai, dabarar da ƴan Saint-Denis suka yi da fafirus shekara ɗari tara kafinsa, kuma hanyar da aka kama shi ita ce wadda Mabillon ya shimfiɗa a 1681: a duba fata, a duba tawada, a duba rubutu, a duba maganar da ke ciki, kada a yarda da ɗaya sai sauran sun gaskata ta.